Sayen Hoton Ganye Mai Firam Don Ƙawata Ɗaki: Tambayoyi Da Amsoshi

A da bangon falo na agogo ne da kalanda da allon Ayatul Kursiyyu. Yanzu hoton ganye ya samu gurbi a gefensu, har a jeren amarya sau da yawa za a ga firam biyu ko uku a saman doguwar kujera. Ga tambayoyin da masu saye suka fi yi, wasu kafin su biya kuɗi, wasu bayan hoton ya fara koɗewa. Ganyen ne ke jan ido a shago, amma takarda da tawada da gilashi da bayan firam su ne za su sha rana da ƙura da danshin damina, don haka a kansu za a fi daɗewa a nan.

Me ya sa hoton ganye ya yi farin jini haka?

Ba ya faɗa da komai. Kore yana zama da farin fenti, da ruwan madara, da ruwan toka, da kujeru masu ruwan ƙasa. Ga shi kuma gidaje da yawa ba sa son rataye hoton mutum ko dabba. Sannan gidajen birni na yanzu an malale tsakar gidansu da siminti ko intalok, wanda ya tashi da darbejiya a ƙofar gida sai ya wuni bai ga kore ba.

Malam, ya halatta a rataye irin wannan hoto a ɗaki?

Jumhurin malamai ba su ga laifi a surar bishiya da ganye ba. Hujjar da aka fi kawowa ita ce abin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa wani mutum ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas ya ce da yin surori yake cin abinci. Ibn Abbas ya gargaɗe shi a kan surar masu rai, sannan ya ce masa in dai ba makawa sai ya yi, to ya yi bishiyoyi da abin da ba shi da ruhi.

In wannan ne dalilinka na zaɓen ganye, to ka duba hoton da kyau kafin ka biya. Masu ɗaukar irin waɗannan hotuna suna son malam-buɗe-littafi ko ɗan kwaɗo ko tsuntsu ya fito a gefen ganye, kuma a ƙaramin hoton waya ba lallai ka lura ba, sai an kawo babban. A ɗakin da ake sallah kuma gara a kauce wa bangon alƙibla, saboda kada ya riƙa ɗauke hankalin mai sallah.

Yaya zan bambance hoton kyamara na gaske da wanda kwamfuta ta ƙirƙira?

Bi jijiyoyin ganyen da ido. A ganye na gaske akwai babbar jijiya ta tsakiya, ƙananan suna fita daga jikinta cikin tsari, suna siranta yayin da suke kusantar baki. A wanda ƙirƙirarriyar basira ta haɗa, jijiya takan ɓace a tsakiyar hanya, ko ganye biyu su narke su zama ɗaya, ko ka ga ganye ba ƙaramin reshen da ke riƙe da shi. Ganyen gaske kuma ba ya rasa tabo: ɗan cin ƙwaro, ɗan busasshen baki, ɗigon ƙura. In kowane ganye a hoton ya fito sumul, kowane ɗigon raɓa girmansa ɗaya da ɗan'uwansa, akwai alamar tambaya.

Ba laifi ba ne mutum ya sayi na kwamfuta in ya burge shi. Laifin a sayar masa da shi da kuɗin aikin mai ɗaukar hoto. Tambayi mai sayarwa wa ya ɗauka, a ina, ganyen wace bishiya ce. Mai kayan gaske ba ya kame-kame a kan waɗannan.

Wane irin ganye ya fi dacewa?

Abin da ya cika shaguna shi ne ganyen nan mai faɗi mai tsage-tsage da huje-huje da ake kira monstera, wanda asalinsa dazuzzukan kudancin Meksiko ne da Amurka ta Tsakiya. Sai ganyen kwakwa, da na itacen turare, da jajayen ganyayen kaka na ƙasashen sanyi. Suna da kyau, babu musu. Sai dai an gan su har an gaji: a otal suna nan, a shagon gyaran gashi suna nan, a falon maƙwabciya ma suna nan.

Ra'ayina shi ne ganyen gida ya fi, kuma ba don kishin ƙasa kaɗai ba. Bishiyoyinmu suna da siffofin da kyamara ke so. Ganyen kalgo yana da kunne biyu kamar sawun raƙumi, shi kaɗai a kan farar takarda ya isa hoto. Na kuka yana da yatsu biyar zuwa bakwai, kuma da damina ake samunsa, domin kuka tana zubar da ganyenta da rani. Gawo akasin haka yake: shi da damina yake tsirara, sai rani ya shigo ya yi kore shar, shi ya sa manoma ke barinsa a tsakiyar gona. Gamji yana da faɗi da manyan jijiyoyi, in aka ɗauke shi rana tana bayansa, jijiyoyin za su fito ɗaya bayan ɗaya. Sabon tohon mangwaro ja-ja yake fitowa kafin ya koma kore, ga mai son launin da zai shiga da jan kafet. Zogale da tsamiya ƙananan ganye gare su a jere, sun dace da ɗakin da ba a son abu mai nauyi a ido. Ganyen giginya layi-layi ne masu tashi daga wuri ɗaya, shi ya fi kowa kyau a hoto baƙi da fari. Ga kuma bado a kan ruwa, irin wanda ke shimfiɗe a dausayin Haɗeja da Nguru.

Akwai wani amfani kuma. Baƙon da ya ga monstera zai ce "ya yi kyau" ya wuce. Wanda ya ga kalgo ko ɗorawa zai tsaya, ya faɗi sunan, ya kawo labarin garinsu. Matsalar ita ce da wuya a samu irin waɗannan a shirye a kasuwa. Sai dai a nemi mai ɗaukar hoto a ba shi aiki, ko mutum ya ɗauka da kansa, za mu zo kan wannan.

Na sayi guda uku, kafin shekara ta zagayo ganyen ya koma shuɗi-shuɗi. Me ya faru?

Hajiya, tawadar ce ta koɗe. Firinta ba ta da koren tawada a yawancin lokuta, haɗa ruwan ɗorawa take yi da shuɗi mai haske su ba da kore. A tawada mai araha ruwan ɗorawa da ja su ke riga gudu in haske ya dake su, shuɗin ya rage. Shi ya sa tsofaffin fastocin da ke manne a bakin shaguna suke komawa shuɗaye. Hoton ganye ya fi kowane shan wannan wahala, tunda kusan dukkansa kore ne.

Tawada iri biyu ce. Akwai ta rini, wadda ke narkewa a ruwa. Tana da haske da araha, amma ba ta jure rana. Akwai ta garin launi, masu buga hoto suna ce mata figment. Ita ƙananan ƙwayoyin launi ne da ke zama a fuskar takarda, kuma in an buga ta a takarda mai kyau, aka rufe da gilashi, aka kauce wa rana, tana iya yin shekaru gommai. Tambaya ta farko da za a yi wa mai sayarwa ita ce da wace tawada aka buga hoton. In bai san amsar ba, a ɗauka ta rini ce, a yi ciniki a kan haka.

Yawancin na tallan bakin titi ma ba a takardar hoto aka buga su ba. A ledar da ake yin allunan talla da ita ake bugawa, ko a sitika, a manna a kan falle, a zagaye da roba mai ruwan gwal. Daga nesa ba laifi. Matsa kusa kamar taƙi ɗaya, za ki ga ɗige-ɗige da layukan firinta, bakin ganyen kuma ya yi dishi-dishi.

To wace takarda zan nema?

Mai kauri, giram 200 zuwa 300 a kowace murabba'in mita, kuma wadda ba ta da asid. Takardar da aka yi da niƙaƙƙen katako ba a tace ba tana komawa ruwan ɗorawa, abin da ke samun tsohuwar jarida kenan. Ta auduga ta fi kowace ƙarko, ta fi kowace tsada.

Tsakanin mai ƙyalli da marar ƙyalli, in za a sa gilashi a zaɓi marar ƙyalli. Gilashi yana da nasa ƙyallin, in aka haɗa biyu fanka da ƙwan lantarki za ka riƙa gani maimakon ganye.

Gilashi, roba ko kanbas?

Gilashi ba ya ƙarcewa da wuri, yana da sauƙin gogewa, ba ya jan ƙura. Illarsa nauyi da fashewa. Kowace murabba'in mita ta gilashi mai kaurin milimita 1 tana da nauyin kilo 2.5, don haka firam mai santimita 60 da 90 da gilashin milimita 3 ya kai kilo 4 tun ba a lissafa katako ba.

Farar robar da ake kira akirilik nauyinta kusan rabin na gilashi ne, kuma ba ta tarwatsewa. Ita ta dace da ɗakin yara da kayan da za su yi doguwar tafiya. Amma tana ƙarcewa, kuma da hunturu, lokacin da iska ta bushe, gogewa na sa ta kama ƙura. Ka share yanzu, an jima ta dawo. A kula kuma, wasu firamomi masu araha ba akirilik ne a fuskarsu ba, wata siririyar leda ce da ke lanƙwashewa in an taɓa ta da yatsa.

Akwai gilashi na musamman da masu yinsa ke cewa yana tare kashi 99 cikin 100 na hasken rana mai cin launi. Yana taimakawa, sai dai ba izini ba ne na rataye hoto a gaban taga, domin hasken da ido ke gani ma yana koɗar da launi a hankali.

Kanbas ba ya buƙatar gilashi, ba shi da nauyi, ba ya ƙyalli. Amma saƙar yadin tana cinye ƙananan jijiyoyin ganye, waɗanda su ne kyan hoton, ƙura kuma tana zama a ramukansa. Ga hoton daji daga nesa kanbas ya yi. Ga ganye ɗaya da aka ɗauka kusa, takarda da gilashi.

Mece ce amfanin farin kwalin da ake zagaye hoton da shi a cikin firam?

Ba ado kaɗai ba ne. Shi ke raba fuskar hoton da gilashi. Da damina danshi yakan taru a cikin gilashi, in takarda tana manne da shi sai ta liƙe, ranar da aka zo cirewa launin ya bi gilashin. Faɗin santimita 5 zuwa 8 ya wadatar a matsakaicin firam.

Wane firam ne ke jure yanayinmu?

Katako yana numfashi: ya sha danshi da damina ya kumbura, ya bushe da hunturu ya tsuke. Firam ɗin da aka haɗa a Legas ko Fatakwal da katakon da bai gama bushewa ba, in ya zo Kano ko Sakkwato ya sha hunturu ɗaya, kusurwoyinsa sukan buɗe baki. Saboda haka in katako ne, gara wanda kafintan garinku ya yi da busasshen katako. Wanda aka yi da matsattsen garin katako yana da araha da santsi, amma in ruwa ya shige shi ya kumbura, ba ya komawa. Na roba ba ruwansa da danshi ko gara, sai dai babba yakan lanƙwashe da zafi. Alminiyom ya fi duka kwanciyar hankali, kuma siririn baƙi yana yi wa kore kyau ƙwarai.

Juya firam ɗin ka ga bayansa, nan ake gane aikin ƙwarai. Ya kamata a samu falle mai ƙarfi, an like gefunansa da tef duka zagaye, ba kwalin indomi da ƙananan ƙusoshi huɗu ba. Inda aka bar kafa, ƙura za ta shiga ta zauna a cikin gilashi inda tsumma ba ya kaiwa, kyankyasai ma su samu ɗaki. Maratayin ya zama zobba biyu na ƙarfe da aka ɗaure da sukuru a jikin firam, ba ɗan ƙarfe ɗaya da aka manna a falle ba.

A launi, ni dai ban cika son ruwan gwal mai zane-zane a kan ganye ba, firam ɗin ne ke yin magana, ganyen ya yi shiru. Baƙi, fari ko launin katako sun isa.

Wane girma zan saya?

Kusan kowa ƙarami yake saya, domin a shago komai yana yi wa ido girma. A auna bango kafin a fita. A saman kujera, faɗin hoton ko na jerin hotunan gaba ɗaya ya kai wajen kashi biyu cikin uku na tsawon kujerar. Kujera mai zaman mutum uku takan kai mita 2, kenan ana neman wajen santimita 130. Firam uku masu faɗin santimita 40, da tazarar santimita 6 a tsakaninsu, sun ba da 132.

Masu buga hoto suna magana da harshe biyu. Wasu da ma'aunin takarda: A4 santimita 21 da 29.7, A3 kuma 29.7 da 42, A2 42 da 59.4, A1 59.4 da 84.1. Wasu da inci: 16 da 20 ya kama wajen santimita 41 da 51, 24 da 36 kuma 61 da 91. Kullum a tambaya ko girman da aka faɗa na hoton ne shi kaɗai ko har da firam.

In ana shakka, a yanka tsohuwar jarida daidai girman, a manna a bango da tef, a zauna a kujerar da aka saba zama a duba.

A wane tsayi ake ratayewa?

Mun saba kai komai kusa da silin, inda agogo yake. Hoto ba agogo ba ne. Gidajen baje zane suna sa tsakiyar hoto a santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, daidai idon mutum a tsaye. A saman kujera a bar santimita 15 zuwa 25 tsakanin kan kujerar da gindin firam. A falon da ake zaman ƙasa a kan kafet da tuma-ƙasa, a sauko da shi kaɗan, in dai hannun yara ba zai kai ba.

Gidan haya nake, ga bangon siminti. Yaya zan yi?

Ƙaramin firam ƙusar kankare ta ishe shi. Wanda ya haura kilo 3 ko 4 a huda bango da diril, a sa fisha, wato 'yar robar da ake cusawa a ramin, da sukuru, guda biyu, don kada ya riƙa karkacewa. Kada a huda daidai sama ko ƙasan soket da makunnin wuta, nan wayoyi suka fi bi.

Maƙalan gam da ake cewa ba sa ɓata bango suna son fenti mai santsi da tsafta. A bango mai gari-gari ko mai kaushi ba sa kamawa sosai, zafin Afrilu kuma yana sassauta gam. Kada a amince musu da gilashi mai nauyi. In mai gida ya hana ƙusa, a jingina firam a kan kanta ko teburin gefe. Kuma ko a gidan kanka ne, gilashi mai nauyi a saman gado ba dabara ba ce.

Akwai inda bai kamata a rataya ba?

Bangon da rana ke faɗowa kansa ta taga, musamman ranar yamma. Bangon da ke jiƙa a watan Agusta, wanda fentinsa ke kumbura. Nan fumfuna za ta ci takardar ta baya kafin a farga. Ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, saboda ɗigar ruwa. Kicin kusa da murhu, saboda maiƙo. Kusa da inda ake ajiye kaskon turaren wuta ma hayaƙi yana yi wa gilashi da kanbas dusashe a hankali.

A manna ɗan guntun roba a kusurwoyi biyu na ƙasa ta baya, don iska ta riƙa ratsawa tsakanin firam da bango.

Zan saya ta Instagram ko WhatsApp. Me zan kiyaye?

Abin da ake nunawa sau da yawa ba hoton kayan ba ne, hoton falon wata ƙasa ne aka ɗora ganyen da kwamfuta. Nemi bidiyon ainihin firam ɗin da hasken rana, gaba da baya da kusurwa, mai sayarwa yana riƙe da shi don a ga girmansa.

Kada ka sa ran launin zai zo daidai da na waya. Fuskar waya haske take fitarwa, takarda kuwa hasken ɗaki take mayarwa, don haka kullum bugu ya fi duhu kaɗan, kore mai walƙiya kuma yana cikin launukan da ke ba firinta wahala. Ƙwan ɗakinka ma yana da ta cewa: fari fat mai lamba 6500K yana sa kore ya yi sanyi, mai ruwan ɗorawa na 2700K zuwa 3000K yana ɗumama shi.

Kafin a tura kuɗi a yi magana a rubuce a kan wa zai ɗauki asara in gilashi ya fashe a mota. A buɗe kaya a tasha a gaban wanda ya miƙo su. Hanyar da ta fi sauƙi ga mai nisa ita ce a sayi hoton kaɗai, a aiko shi a naɗe cikin bututun kwali, a kai wa mai firam na gari. Kuɗin mota ya ragu, fargabar fashewa ta kau, firam ɗin kuma ka zaɓa da idonka.

Me ya sa farashi ya bambanta haka? Kuma mece ce lambar da nake gani, irin 7/50?

Takarda mai kyau da tawadar figment daga waje ake shigo da su, don haka kuɗinsu yana bin dala. Abu huɗu ake biya: aikin mai ɗaukar hoto, bugu, firam da gilashi, sai kawowa. In farashi ya yi araha fiye da kima, ɗaya daga cikinsu aka danne, kuma yawanci bugun ne, tunda shi ne ba a ganewa sai bayan watanni. Araha ba ta ado.

Lambar 7/50 na nufin kwafi 50 kacal mai hoton ya yi alkawarin bugawa, wannan ne na bakwai. Da fensir ake rubuta ta a ƙasan hoton tare da sa hannunsa. Tana da ma'ana in an san mai hoton kuma yana riƙe alkawari. In firinta ce ta buga lambar tare da hoton, ado ce kawai, kada a ƙara ko kwabo saboda ita.

Zan iya ɗauka da wayata in kai a buga?

Ƙwarai kuwa, kuma ita ce hanyar samun kalgo da gawo. Waya mai megafiksel 12 tana ba da hoto mai fiksel 4000 da 3000. A ma'aunin bugu mafi kyau, ɗigo 300 a kowane inci, wannan ya kai wajen santimita 34 da 25. A ɗigo 200, wanda ya wadatar ga abin da za a kalla daga kujera, ya kai 51 da 38. Kenan A3 ba matsala.

A ɗauka da sassafe ko bayan la'asar, ko ranar da hadari ya rufe rana. Bayan an ɗauke ruwan sama ya fi, ganye ya wanku. A goge idon kyamara, kada a zuƙo da yatsa, a matsa da ƙafa. A gwada ɗaga ganyen rana tana bayansa, ko a shimfiɗa shi a kan farin kwali a inuwa. A bar fili a gefe, domin siffar hoton waya ba ɗaya take da ta A3 ba, sai an yanke wani abu. Wajen turawa mai bugu kuma a tura ta imel ko a matsayin fayil, domin WhatsApp yana matse hoton da aka tura kai tsaye. A fara da gwajin A4 kafin a biya kuɗin babba.

In na ga hoto a intanet fa, in sauke in buga?

Hoto yana da mai shi. A Najeriya Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta haɗa da hotuna. Ko wanda ka saya da kuɗinka, kwafin ka saya, ba izinin sake bugawa ka sayar ba. Ban da haka, abin da ake saukewa daga Pinterest ko Facebook yawanci ƙarami ne, in aka buɗa shi sai ya farfashe.

Akwai hanyoyin halal. Unsplash da Pexels suna ba da hotuna kyauta, za ka iya bugawa don ɗakinka, amma ƙa'idarsu ta hana sayar da su yadda suke. Gidan tarihi na Metropolitan da ke New York ya saki dubban ɗaruruwan hotunan kayansa ga kowa tun 2017. Akwai kuma tsofaffin ayyukan da wa'adin haƙƙinsu ya ƙare. Anna Atkins, wata Baturiyar Ingila, ta fara fitar da hotunan tsirran teku a 1843 ba tare da kyamara ba: a ɗora tsiro a kan takardar da aka shafa wa sinadarin ƙarfe, a shanya a rana, a wanke da ruwa, siffar ta fito fara a kan shuɗi mai duhu. John Herschel ne ya gano dabarar a 1842. Shuɗin nata yana zama daram da ɗakin da ke da yadin rinin Ƙofar Mata. Ga mai son baƙi da fari kuma akwai hotunan Karl Blossfeldt, Bajamushen da ya shahara a 1928 da ɗaukar toho da ganye kusa-kusa.

Wai gaskiya ne kallon hoton ganye yana ƙara lafiya?

Masu talla suna son jingina da binciken Roger Ulrich na 1984, wanda ya duba bayanan marasa lafiya 46 da aka yi wa tiyatar matsarmama a wani asibiti a Fensilbeniya. Waɗanda tagarsu ke kallon bishiyoyi sun riga masu kallon bangon bulo barin asibiti, kuma sun fi su ƙarancin buƙatar maganin ciwo mai ƙarfi. Amma bishiya ce ta gaske ta taga, ba firam ba. A sayi hoto don yana faranta rai, wannan ma dalili ne isasshe.

Ganye na gaske da aka busar aka sa tsakanin gilashi biyu fa?

Yana da kyau, amma koren ba ya zama. A hankali zai koma ruwan ƙasa, da sauri in yana samun haske. Wanda ke son siffa da jijiya ba zai damu ba. Wanda kore yake nema ya tsaya a hoto.

Za mu yi wa ƙanwata jere. Guda nawa ya kamata?

Yaya, a fara ganin ɗakin da labule da kujeru, sannan a sayi hoto, ba akasin haka ba. Bango ɗaya a falo ya isa, ko babba guda ko jerin uku masu firam iri ɗaya. In labule da kafet suna da zane mai yawa, a zaɓi ganye ɗaya a kan farin fili. A tambayi amaryar ma, ita za ta zauna da shi. Kuma a bar ratayewa sai ƙarshe, bayan an gama jan kujeru da gado, a nan ake yawan fasa gilashi.

Yaya ake tsabtace shi?

Kada a fesa ruwa a kan gilashin kai tsaye, yana gangarawa ya shige ta ƙasan firam ya jiƙa takarda. A ɗan jiƙa tsumma mai laushi a goge, a bi da busasshe. Akirilik ba ya son sifirit ko maganin goge gilashi, ruwa da ɗigon sabulu ya ishe shi. Kanbas busasshen burushi mai laushi kawai. Da hunturu a riƙa share saman firam duk mako. Sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta, a sauke shi a duba baya: tef bai ɗaye ba, zanzaro bai yi gini ba, bango bai jiƙe ba.

Nawa ya riga ya koɗe, wani kuma ya manne da gilashi. Akwai gyara?

Launin da ya koɗe ba ya dawowa. In firam ɗin yana da kyau a riƙe shi, a sake buga hoton da tawadar figment, a canja masa bango. Wanda ya manne kuma kada a fizge shi. A fara ɗaukarsa a hoto ko a yi masa sikanin ta cikin gilashin, don a samu kwafi in ya yage, sannan a kai wa mai firam ya gwada rabawa. Wajen mayarwa a sa masa farin kwali a zagaye, a canja fallen baya in ya yi baƙi-baƙin fumfuna, a like gefuna da sabon tef.